Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙasashen ECOWAS kan takardar Maroko da ke gabanku tun 2017

Masu girma shugabanni, assalamu alaikum. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi riƙo da hannuwanku a kan nauyin da kuka ɗauka.

Ni baduku ne, ɗan baduku. A birnin Kano aka haife ni, a nan kuma nake sana'a har gobe. Takalma da jakunkuna nake ɗinkawa, akwai yara goma sha ɗaya da ke cin abinci a shagona, kuma na haura shekara ashirin ina kai kaya Maraɗi da Yamai da Kwatano da Akara a mota. Fasfon da nake tafiya da shi, sunan ƙungiyarku ne a bangonsa. Shi ya sa nake ganin ina da bakin da zan yi muku magana kan wata takarda da ta daɗe a ajiye a gabanku.

Ranar 24 ga Fabrairun 2017 Maroko ta sanar da Madam Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, wadda ke shugabantar ƙungiyar a lokacin, cewa tana so ta zama cikakkiyar mamba. Ko wata ɗaya ba ta yi ba da komawa Tarayyar Afirka bayan shekara 33 tana waje. A watan Yuni, a taron Monrobiya, aka ce an amince bisa manufa, a je a duba abin da shigowar za ta haifar. A watan Disamba a Abuja aka kafa kwamitin shugabanni biyar, na Togo da Kwaddibuwa da Gana da Gini da Najeriya, su sa ido a kan binciken. Daga nan sai shiru. Na san da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a waɗancan taruka sun sauka, amma kujerun ne kuke kai yanzu, kuma bashin amsar yana wuyanku.

Abin da nake roƙo shi ne ku ba Maroko amsa. A ganina kuma amsar da ta dace ita ce: kada a ba ta kujerar cikakkiyar mamba yanzu, a ƙulla yarjejeniyar ƙawance da ita a rubuce, irin wadda aka ƙulla da Muritaniya a 2017. Bari in faɗi dalilina, amma kafin nan ina so ku san matsayin Maroko a zuciyata, don kada a ɗauka ƙiyayya ce ta sa ni rubutu.

Ni Batijjane ne. Sau biyu Allah ya nufe ni da ziyarar birnin Fas na Maroko. A zuwan farko na bi lungunan tsohon birnin, masu ƙunci kamar na cikin birninmu, ina raɓewa jikin bango duk lokacin da alfadari ya taho da kaya, har na isa zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815 aka binne shi a nan. Da aka zauna wazifa, a damana wani dattijo ne daga Senegal, a haguna wani saurayi daga Mali, a gabana mutanen gari. Babu wanda ke jin yaren wani, amma babu wanda ya buƙaci tafinta. Hawaye suka zubo mini ban san lokacin da suka fara ba. Bayan an tashi wani tsoho ɗan garin ya kama hannuna ya kai ni shagonsa, ya dafa mini shayi da na'ana'a, da na ce masa daga Kano nake sai ya ɗora hannunsa a ƙirji. Ashafar da ake karantawa a masallatanmu da azumi, kabarin mai ita yana Marakish. Can ne kuma mai Dala'ilu yake kwance. Ajuruman da muka fara nahawu da ita, mutumin Fas ne ya rubuta ta. Ruwayar Warshu da muka yi karatun allo da ita, da ita suke karatu. Wannan zumunci ya girmi ECOWAS da ɗaruruwan shekaru, kuma babu takardar da za ta ƙara shi ko ta rage shi.

Saboda wannan ne wasu 'yan'uwana a zawiya suke ce mini, "Malam, Musulmi ne fa 'yan'uwanmu, me zai hana su shigo?" Na kuma ji masu cewa kada a bari su shigo don Larabawa ne, ko don za su ƙara wa Musulmi rinjaye a yankin. Duka biyun ban yarda da su ba. ECOWAS ƙungiyar kasuwa ce da haraji da iyaka da tsaro, da wannan ma'auni ya kamata a auna duk mai neman shiga. Mu Musulmi mun san zafin a ajiye ƙasa a bakin ƙofa ana yi mata kallon addininta. Turkiyya ta nemi shiga ƙungiyar Turai a 1987, aka ba ta matsayin mai neman shiga a 1999, aka fara tattaunawa a 2005, har yau tana tsaye a waje. Ita kanta Maroko, a zamanin Sarki Hassan na Biyu, ta nemi shiga a wannan shekara ta 1987, aka ce mata ba ƙasar Turai ba ce. Ko ba komai ita an faɗa mata gaskiya ta san inda dare ya yi mata. Ba na so mu yi wa Maroko irin abin da muke jin ciwo ana yi wa Turkiyya. Baƙon da ya yi sallama, ko dai a ce masa shigo, ko a fito a gaisa da shi a zaure a faɗa masa uzuri.

A wancan zuwa na Fas na je majemarsu ta Shuwara. Daga saman bene ake kallon ramukan jima a jere, wasu farare da ruwan farar ƙasa, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, mutane tsaye a ciki har cinya suna tattaka fata. Suna miƙa wa baƙi ganyen na'ana'a su toshe hanci. Na karɓa don girmamawa, amma ni warin gida na ji. Ina tsaye a nan na tuna abin da mahaifina ya sha gaya mini, Allah ya jiƙansa: fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ita ce ayari ke ɗauka ya ƙetare Sahara, Turawa su saya a bakin tekun arewacin Afirka su sa wa littattafansu bango, suna kiranta fatar Maroko. Wahala tamu, suna na wani. Ban ga laifin mutanen Maroko a nan ba, haka ciniki yake yi da wanda bai riƙe ƙarshen igiyarsa ba. Amma wannan labari shi nake tunawa duk lokacin da aka tayar da maganar shigowarsu.

Ga yadda abin yake a idon mai kai kaya iyaka. Tun Janairun 2015 ƙasashenmu suke da harajin bai-ɗaya kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin, hawa biyar, daga sifili zuwa kashi 35 cikin ɗari. Kayan da aka ƙera a cikin yankin kuwa an ce su wuce babu haraji. Katanga ce aka kewaye mu da ita don masana'antunmu su samu su yi ƙwari. Ita kuwa Maroko tana da yarjejeniyar ciniki maras shinge da Tarayyar Turai tun 2000, tana da ita da Amurka da Turkiyya tun 2006. Najeriya ta ƙi sa hannu a irin wannan yarjejeniya da Turai, kuma dalilin da ta bayar shi ne kare masana'antunta. To idan Maroko ta shigo cikin katanga, ɗayan biyu ne: ko ta warware waɗancan yarjejeniyoyi, alhali Turai ce babbar kasuwarta, ko kuma ƙofarta ta zama ƙofar baya, abin da muka hana shi ta zaure ya shigo ta can.

Na san amsar da masana ke bayarwa. Suna cewa ai akwai takardar shaidar asalin kaya, sai abin da aka yi a Maroko ne zai ci moriyar. Ranku ya daɗe, ni da idona na sha ganin yadda ake yi da takarda a bakin iyaka. Na taɓa kwana uku a wata iyaka da buhunan takalman da na ɗinka da hannuna, takarduna cikakku, ana ce mini sai na yi abin da ya kamata, manyan motoci kuwa shaƙe da kayan da kowa ya san daga wata nahiya suka fito suna wucewa ta gefena. Shinkafar Asiya da ke bi ta Kwatano ita ta sa Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mu masu halattaccen kaya muka sha wuya tare da masu fasa-ƙwauri. Idan ba mu iya tantance buhun shinkafa tsakaninmu da maƙwabcin da muke gani da ido ba, ta yaya za mu tantance takalmin da aka yanka a Sifaniya aka manna masa ƙasa a Kasabalanka?

Ko an cire kayan Turai ma, Maroko da kanta ta yi mana nisa, kuma ina faɗin haka da yabo. Ta buɗe tashar jiragen ruwa ta Tanja a 2007. Kamfanin Renault ya fara ƙera mota a can a 2012, na Peugeot ya biyo a Kenitra a 2019. Jirgin ƙasa mai gudun gaske ya fara aiki a 2018. Mu kuwa da muka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, ku dubi inda muke. Kawuna ya yi shekara ashirin da wani abu a wata masaƙa a Kakuri. Ranar da aka rufe ta ya dawo Kano da akwati ɗaya da katin ma'aikata, ya ƙare rayuwarsa yana tsaron shagon wani a Kantin Kwari, yana auna atamfar da aka saƙa a wata ƙasa. Ni a shagona rabin ribar wata a bakin janareto take ƙarewa. Wanda wutarsa ba ta ɗaukewa, bankinsa na ba shi rance, tashar jirginsa na aiki dare da rana, idan aka ce mu shiga kasuwa ɗaya da shi babu shinge, an san wanda zai naɗe tabarmarsa. Ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya da ƙungiyar ƙwadago sun faɗi haka tun 2017. Mu na ƙasa babu wanda ya zo Ƙofar Wambai ya tambaye mu.

Alherin Maroko kuwa mun gan shi, ba zan ɓoye ba. Da Sarki Muhammadu na Shida ya zo Abuja a Disambar 2016 aka ƙulla maganar taki. Maroko ce ke da kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin fosfat da aka sani a duniya, kuma da nata aka haɗa takin da aka sayar naira 5,500 buhu a 2017. Surukaina manoma ne a Kura, na ga yadda fuskarsu ta saki a wannan damina. A wannan ziyara ce aka fara maganar bututun gas da zai bi gaɓar teku fiye da kilomita 5,000 daga Najeriya zuwa Maroko, ku kanku kun sa hannu a takardar fahimtar juna a kansa a Rabat a Satumbar 2022. Duk wanda ya shiga Yamai zai ga Bank of Africa da Banque Atlantique, zai ga layin Moov, duk akwai jarin Maroko a ciki. Akwai limamai daga ƙasashenmu da suka yi karatu a cibiyar horar da limamai da aka buɗe a Rabat a 2015. To ku lura, duk waɗannan an yi su Maroko ba ta zama mamba ba. Ga kuma yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da ta fara aiki a Janairun 2021, wadda mu da su duk muna ciki, ta tanadi a riƙa sauke haraji sannu a hankali. Me kujerar mamba za ta ƙara mana wanda ba mu samu ta waɗannan hanyoyi ba?

Abu ɗaya da talaka ya sani game da ECOWAS shi ne tafiya babu biza. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna kwana 90. Ni kuwa duk zuwan da na yi Fas sai da na nemi biza. Maroko ita ce bakin ƙofar Turai, kilomita 14 ne tsakaninta da Sifaniya a mashigin teku, kuma Turawa sun dogara da ita wajen tare masu ƙetarawa. Ranar 24 ga Yunin 2022 aƙalla mutum 23, baƙaƙen fata 'yan ci-rani, suka mutu a shingen Melilla, garin da Sifaniya ke riƙe da shi a gaɓar tekun arewacin Maroko. Gaskiya ne tun 2014 Maroko ta ba dubban baƙi takardun zama, wannan abin a yaba ne. Amma shin za ta yarda yaro daga Kano ko Kumasi ko Kankan ya sauka Kasabalanka da fasfon ECOWAS kawai? Turai za ta zuba ido? Idan bankunansu da kayansu za su shigo mana a sake, 'ya'yanmu kuma su ci gaba da layin biza, to an raba gado an ba mu ƙashi. Ku yi mata wannan tambaya a rubuce, ta ba ku amsa a rubuce, mu ma mu gani.

Sai maganar dokokinku. Yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 ta ce yankin da ake nufi shi ne Afirka ta Yamma kamar yadda tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta shata, kuma a wannan shati Maroko tana arewa. Ba ta da iyaka da ko ɗaya daga cikin ƙasashenku. Ƙa'idar dimokuraɗiyya ta 2001 ta ce mulki ta hanyar zaɓe ake hawansa, kuma hukuma ba ruwanta da fifita wani addini. A Maroko sarki ne ke riƙe da ragama, shi ne Amirul Muminina, Musulunci ne addinin ƙasa a tsarin mulki. Ni ba ni da ja da wannan, tsarinsu ne kuma ya zaunar da su. Amma da sunan kare wannan dimokuraɗiyya kuka hukunta Nijar. Idan za a tanƙwara doka saboda mai ƙarfi, da wace fuska za a sake ɗaga ta a kan maras ƙarfi?

Akwai kuma Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke cewa nata ne, 'yan Sahrawi kuma ke neman ya zama ƙasarsu mai 'yanci. A 1984 Najeriya, a zamanin Janar Buhari, ta amince da jamhuriyar Sahrawi, a shekarar ce kuma Maroko ta fice daga ƙungiyar Afirka saboda an ba Sahrawi kujera. A ɗaya gefen, Gambiya da Kwaddibuwa da Senegal da wasu sun buɗe ƙananan ofisoshin jakadanci a Dakhla da Layun, garuruwan wannan yanki, wato suna tare da Maroko. Ke nan ku kanku bakinku bai zo ɗaya ba. Ranar da za a zana sabuwar taswirar ECOWAS, a ina layin zai tsaya? Aljeriya ta yanke hulɗa da Maroko a 2021, iyakarsu a rufe take tun 1994, kuma wannan gaba ce ta daskarar da ƙungiyar Magrib ta ƙasashen arewacin Afirka da aka kafa a 1989, shugabanninta ba su sake zama ba tun 1994. Mu kuma muna da wani bututun gas da ake fatan zai bi ta Nijar zuwa Aljeriya, wanda mu mutanen Arewa muka fi sa rai a kansa. Ba na so wannan wuta ta tsallako cikin ɗakinmu.

Ɗakin ma ai a tsage yake. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe Jibiya da Illela da Maigatari, aka yanke wuta. Ƙanwata tana aure a Maraɗi. Mijinta ya rasu a cikin waɗannan watanni, sai ta waya na yi mata ta'aziyya, tana kuka ina kuka, tsakaninmu tafiyar da ba ta kai wuni ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma zuciya ta riga ta ɓaci. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita, ƙungiya mai ƙasashe 15 ta koma 12. Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta a Legas a 1975. Mutumin Katsina da na Maraɗi, na Daura da na Damagaram, uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ban ga yadda za a shimfiɗa wa baƙon nesa tabarma a tsakar gida ba alhali 'yan gida uku sun yi yaji ba a kai ga yin biko ba.

A nan ma nake ganin Maroko za ta fi yi mana rana tana ƙawa. A Nuwambar 2023 sarkinta ya yi wa ƙasashen Sahel tayin hanyar fita zuwa Tekun Atlantika, kuma ya karɓi ministocin harkokin wajen ƙasashen uku a Rabat a Afrilun 2025. Suna sauraronta, ku ma kuna sauraronta. Wanda ɓangare biyu ke jin maganarsa shi ake aikawa sulhu. Ranar da ta zauna a kujerar mamba ta zama ɓangare.

Don haka, ranku ya daɗe, idan kwamitin shugabanni biyar ya gama aikinsa, ku fito da rahoton, a fassara shi da Hausa da Yarabanci da Wolof da Fulatanci da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo. Idan bai gama ba ku yanka masa wa'adi. Ku tura wakilai kasuwanni da majemu da gonaki su ji ta bakinmu. Sannan ku zauna da Maroko a kan yarjejeniyar ƙawance, ku sa abin da zai taɓa mu a ciki: sauƙin biza ga masu ziyara da ɗalibai da 'yan kasuwa, a haɗa taki a nan ƙasashenmu, duk mai son fatarmu ya zo ya kafa majema da masana'antar takalmi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ya ɗauki yaranmu aiki, a buga sunan garinmu a jikin kayan. Ku sa shekarar da za a sake duba maganar zama mamba, bayan an ga yadda ƙawancen ya tafi, bayan kuma an san matsayin 'yan'uwanmu uku.

Ina da niyyar komawa Fas idan Allah ya hore. Wancan tsoho mai shayi, a zuwana na biyu ya tambaye ni da guntun Larabcin da muke fahimtar juna da shi, ko gaskiya ne ƙasarsu za ta shiga ƙungiyarmu. Na ce masa manya suna dubawa. Idan na same shi da rai, ina so in je masa da amsar da ta fito daga bakinku.

Wassalam.

Naku,
Wani baduku daga birnin Kano